Yadda Ake Sauke Littafi Ba a Buɗe Shi Ba

Ɗan'uwa, matso kusa, yau ka yi gamo da katar. Idan ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari kafin dogon hutun nan ya ƙare duk Nassarawa GRA za a san ka da karatu, ba tare da ka karanta ko layi ɗaya ba, kuma ba tare da ka yi ƙarya ba. Wannan na biyun shi ne gwanintar. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya shiga taitayinsa da rantsuwa, in ban da 'yan takara, su kuwa ba da su muke ba.

Ni Falalu na daɗe ina cin dogon hutuna a ƙarƙashin fankar laburaren unguwar nan, kuma na yaye ɗalibai. Fitaccensu shi ne Maharazu, wani mai sayar da katin waya daga Tudun Wada. Najla yake so, 'yar Alhaji Muhammad Sani, tsohon babban sakataren nan da ya faɗa a gaban mutane cewa ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba ya karatu ba. Ita kuma Najla ita ke yi wa yara karatun labari a shirin hutu na laburaren. Da Maharazu zan riƙa ba ka misali.

Mataki na 1: Riƙe kalma ɗaya

Kalmar ita ce "sauke". Kada ka kuskura ka ce ka karanta littafi, wannan ƙarya ce, kuma ni ba na koyar da ƙarya. Ka je gaban kantar littattafai, ka miƙa hannu sama, ka ɗauko littafi, ka dire shi a tebur. Me ka yi? Ka sauke shi. Duk wanda ya ji ka ce "na sauke littafin nan" tunaninsa zai tafi ga sauka irin ta gaban malam, wadda ake bi daga bango zuwa bango. Tunaninsa ne, ba naka ba. Ko wallahi ka ƙara a kai babu kaffara.

Mataki na 2: Zaɓi masu kauri

Siririn littafi abokin gaba ne, domin akwai yiwuwar wani ya taɓa karanta shi. Ka nemi masu kauri na can kantar sama, masu baƙin bango da rubutun ruwan zinare, waɗanda tun zamanin soja babu hannun da ya kai gare su. In za ka iya ɗaga shi da hannu ɗaya, mayar da shi. Maharazu ya taɓa sauke wani da sai da ya dafe ƙugu, ranar na san yaron zai yi nisa.

Mataki na 3: San wurin zama

Zauren yanzu an raba shi, maza a dama, mata da yara a hagu, doguwar kanta a tsakani. Zauna a jikin kantar nan. Duk littafi mai kauri da ka zare daga cikinta taga ce ka buɗe. Ba leƙe kake yi ba, astagfirullahi, iska kake ba wa hanya. In Allah ya sa ta wannan tagar wata ta hango ka ka haɗa gira a kan shafi, to ilimi ne ya yi halinsa.

Kafin mako ya zagayo Maharazu ya buɗe taga ta kai girman ƙofar shago.

Mataki na 4: Gyara fuska

Sayi tabarau, ko na garau ne. Juya shafi a hankali. Jefi-jefi ka gyaɗa kai, ka yi ɗan tsaki kamar marubucin ya ba ka kunya, ka ɗaga kai ka kalli silin. Babban makiyinka shi ne fanka, musamman in an yi ruwa gari ya yi sanyi kuma ka ci gurasa kafin ka shigo. In barci ya ci ƙarfinka, dafe goshi, za a ce nazari ne. In NEPA ta ɗauke wuta kowa ya fita shan iska, kai ka zauna daram. Duhu ba ya hana irin karatunmu.

Mataki na 5: Kada ka mayar

Akwai sanarwa a bango da ke cewa a bar littafi a kan tebur in an gama, ma'aikata ne za su mayar. Bi doka, ɗan'uwa, mulkin dimokuraɗiyya muke ciki. Bar tulinka a tebur ya yi maka talla.

Mai mayarwar ita ce Malama Milka, 'yar Zariya, wadda ta fi kantocin nan daɗewa a laburaren. Gaishe ta da ladabi, ka tambayi mutanen gida da yadda aka tashi daga coci. Za ta amsa da fara'a, ta kalli tulin, ta kalle ka, ta jawo tsani. Kada wannan kallon ya dame ka. Ni ya daɗe da daina damuna.

Mataki na 6: Ba da shawarar littafi

A ƙofar shiga akwai allo da ake rubuta littafin da wani makaranci ya yaba a kowane mako, don iyaye da yara su ara. Nan ne suna yake fitowa. In an nemi shawararka, nuna mafi kauri a tulinka, ka ja numfashi, ka ce littafin sai mai haƙuri. In an matsa, ka ce ba ka son ɓata wa mutane daɗin labarin. Daga nan ka kama bakinka.

A nan ne Maharazu ya fara wuce gona da iri. Da ya ga Najla ce riƙe da alli, sai ya dafa wani ƙaton koren littafi ya ce mata ƙarshensa sai da ya sa shi hawaye. Gaskiya ya faɗa, don ƙura ce ta bango na baya ta shige masa ido. Amma Najla ta rubuta maganar a allo da manyan baƙaƙe, har da sunansa a ƙasa. Ran nan da tsalle ya koma Tudun Wada, ni ma na taya shi murna da tsire.

Mataki na 7: Ranar rufe shiri, ka yi zazzaɓi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi ne wanda Maharazu ya tsallake. Ranar da ake rufe shirin hutu ana kafa rumfa, a kawo lasifika, yara su yi kacici-kacici da muhawara, kansila ya yi alkawarin janareta. Kai kuwa ka kwanta a gida ka lulluɓa. Maharazu ya ce ina, sai da ya sha guga ya zauna a layin gaba, domin Alhaji Muhammad Sani ne babban baƙo.

Alhaji ya karanta allo tun daga ƙofa. Da aka ba shi lasifika sai ya ce ya ji daɗin samun matashin da littafi ke sa wa hawaye, ya sa a ɗauko masa koren littafin. Mutum biyu suka kawo shi. Ya gyara tabarau, nasa na gaske, ya duba bangon littafin. Littafin na cututtukan kaji ne.

"Malam Maharazu," in ji Alhaji a hankali, "wace kazar ce ta mutu a ƙarshe?"

Rumfa ta ɗauka da dariya. Kansila har da buga ƙafa. Maharazu ya miƙe, ya kama abin da na koya masa, ya ce, "Baba, wallahi na sauke shi. Duk na kantar tsakiya ma na sauke su."

Alhaji ya waiwaya wajen Malama Milka ya tambaye ta ko haka ne. Ta gyara ɗankwali, ba ta ko yi murmushi ba.

"Gaskiya ya faɗa, Alhaji. Ya sauke su. Ni ce shaida, don ni nake hawa tsani in mayar."

Na zaci magana ta mutu a nan, har na fara neman takalmina. Najla ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Amma Alhaji ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce shi ba ya ƙaryata wanda ya rantse, sauka ta tabbata. Sai dai kowa ya san al'adar makaranta, wanda ya yi saukar fari komawa yake farko ya sake biyowa a gaban malami. Malama Milka ta san duk waɗanda ya sauke, ita za ta riƙa miƙo masa, Najla kuma ta riƙa karɓar karatun ta wannan tagar da ya buɗe da hannunsa.

"Ranar da ka yi sauka ta biyu," Alhaji ya ce, "ka turo magabatanka."

Ka tuna mataki na biyu? To, masu kaurin nan ne, dukkansu.

Sanarwa

Ni Falalu ba ni da alhakin duk abin da ya samu wanda ya bi shawarar nan, ko ciwon ƙugu ne, ko kunya a lasifika, ko jinkirin aure. Wanda ya tsallake mataki ya kuka da kansa. Musamman ina barranta daga abin da ya samu Maharazu, wanda yara sun koma makaranta sun sake dawowa hutu, shi yana nan a jikin kanta. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ya fara jin daɗin abin. Jiya na wuce ta bayansa na rage murya na ce ya fito mu sha shayi, bai ko ɗago ba. Wai in dakata, ya zo wurin da ake maganar murar kaji, kuma Najla na jira.