Jirgin Farfesa Barau da Tiren Yaji

Yaya Nafi'u, Allah Ya kai haske kabarinka. Ka bar mana labarin Barau a tsakiya, to ga ƙarashensa.

Barau dai mai gyaran talabijin na bakin tasha, wanda ya rubuta FARFESA da jan fenti a ƙofar shagonsa. In yana cika baki, ko jirgin ƙasa sai ya tsaya ya ba shi hanya.

Ran Laraba da la'asar ya tara mutane su ga jirgin saman da zai ƙera. Ya haɗa karan dawa uku, ya naɗe su da takardar azurfa ta kwalin sigari, ya ja siririyar waya a sama, ya jona mata wuta mai ƙarfi daga cikin tsohuwar talabijin. Ya kunna. Ssss! Abin ya yi rawa, ya tashi taƙi guda daga tebur, zare na riƙe da shi.

"Kun gani? Na kashe nauyi! Ƙasa ta daina jan abin da na taɓa. Baɗi da shi zan je Makka!"

Malam Zubairu, tsohon malamin kimiyya da ya kawo gyaran rediyo, ya gyara tabarau.

"Ka yi ƙoƙari, Barau. Amma iska ce. Wutar ke tunkuɗa iskar da ke kewaye da wayar zuwa ƙasa, shi kuma ya yi sama."

"Iska? Haba Malam, tsufa ya zo! Ina fanka? Ina farfela?"

"Sa hannunka ƙasa ka ji."

"Ni Farfesa ba na gwaji da hannu. In aka samu iska ko ta numfashin sauro, a goge sunan nan daga ƙofata!"

Ya kashe wutar, ya leƙa waje ya fizgo tiren yajin Sale mai tsire. Ya tura shi ƙarƙashin jirgin, ya durƙusa, ya kafa hanci a bakin tire kamar akuya ta ga dusa.

"Ko ƙwaya ɗaya ta motsa, ku kira ni Barau kawai. Sale, danna!"

Sale ya danna makunnin wutar. Ssss... fuuu!

Jan gajimare ya taso ya rufe fuskar Farfesa.

"Atsha! Atsha! Wayyo idona! Atsha! Wane ɗan banza ne ya kunna fanka?"

Malam Zubairu ya jira har aka ƙirga atishawa tara, sannan ya miƙa masa buta.

"Yarhamukallah, Barau. A kawo fenti, ko da wuƙar Sale za ka kankare?"

Yaya, ban gaya wa kowa a gida ba tukuna. Tun da aka fita da kai ba a yi dariya a tsakar gidan nan ba, kuma ban san wa ya kamata ya fara ba.