Malamar da Ta Riƙe Ƙyallen Goyon Bayan Kanta

Zuwa ga Mai Girma Sakataren Zumunci da Ƙasashen Waje na Ƙungiyar Malamai, garkuwar malaman duniya, mai hatimi biyu, wanda ofishinsa ke bayan katangar makarantarmu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali da gajiyar tafiye-tafiye, ni ne malamin labarin ƙasa na makarantar nan da kake jin ƙararrawarta daga kan kujerarka. Yara suna ce mini Malam Taswira. Shekara ashirin da biyu ina cikin ƙungiya, kuma duk ƙyallen goyon bayan da ofishinka ya taɓa aiko mana, ni nake riƙe gefen dama saboda tsawona. Don haka ina ganin na ci albarkacin a karanta takardata har ƙarshe, ko da ta zarce shafi ɗaya.

Ga abin da ke tafe da ni. Muna da malamar aji huɗu da muke kira Malama Jan Biro. Farkon zangon nan wasu iyalai da rikici ya koro daga tsallaken iyaka suka sauka a tsohuwar ma'ajiyar kaya da ke ƙarshen layinmu. 'Ya'yansu goma sha ɗaya suka riƙa tsayuwa a tagar ajinta suna maimaita karatu daga waje. Ta buɗe musu ƙofa, ta matsa benci, ta rubuta sunayensu a rajista. Hukumar makarantu ta ce ba su da takardar haihuwa, ta mayar da yaran gida, ta dakatar da ita. Ranar Alhamis da ƙarfe goma za ta gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, kuma ƙa'ida ta ce in babu wakilin ƙungiya zaune kusa da ita, a yanke hukunci ba tare da an ji bakinta ba. Korarta za a yi, ranka ya daɗe, bayan shekara goma sha tara tana cin alli.

Yanzu ga 'yan ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Sau uku muka kawo maganar ofishinka. Karon farko aka ce ka tafi taron kare haƙƙin malamai a ƙetare. Karo na biyu aka ce ka dawo amma kana hutun gajiyar taron. Karo na uku magatakardanka ya duba takardarmu sama da ƙasa, ya ce wannan matsala ce ta cikin gida, alhali teburinka na ƙasashen waje ne, mu kai wa Sakataren Walwala. Sakataren Walwala kuwa ya bi ka taro na gaba don ya riƙe maka jaka. Ashe laifin baiwar Allahn nan shi ne ta yi kusa? Da a bayan teku aka dakatar da ita, ai da tuni hotonta na manne a ƙofarka. Ba zan kira ofishinka inuwar giginya ba, don ina da tarbiyya, amma na nesa dai suna shan sanyi.

Na biyu, kuma a nan dole in yaba maka. Ka tuna shirin abokan wasiƙa da ka ƙulla mana da malaman wata ƙasa mai nisa, wanda ka yanke masa zare da almakashi? Malamar Turancinmu ba ta daina rubuta wa tata abokiyar ba. Ta ba ta labarin Jan Biro, kamar yadda mace ke faɗa wa 'yar uwarta damuwa. Abokiyar ta kai wa ƙungiyarsu, ƙungiyarsu ta kai wa babbar haɗakar malamai, ita kuma ta aika wa kowane reshe kiran gaggawa mai shafi biyu. Haka maganar da ta kasa tsallake katanga ɗaya ta zagaya duniya, ta dawo maka da tambarin jirgin sama, ka miƙe tsaye ka karɓe ta da hannu biyu.

Na uku. Ofishinka na da al'adar buga shafin farko kaɗai na kowace sanarwa, wai don tsimin takarda. Shafin farkon wannan kira ya ce an dakatar da wata malama saboda ta koyar da 'ya'yan 'yan gudun hijira. Sunanta da sunan makarantarta suna shafi na biyu. Shin akwai wanda ya juya takardar? Ko kuwa shafi na biyu shi ma matsalar cikin gida ce?

Na huɗu. Ranar Litinin ka zo da kanka, cikin babbar riga, da mai ɗaukar hoto da ƙyalle mai cewa MUNA TARE DA KE 'YAR UWARMU. Ka sa aka fito da mu filin taro. Jan Biro ta zo ɗaukar littattafanta ne daga ɗakin malamai, ka hango ta, ka ce ana buƙatar mace a gefen hagu don hoton ya daidaita. Ta ajiye kwalinta ta kama ƙyallen. Ka yi jawabi na minti arba'in a cikin rana, har mai sayar da shayi na bakin ƙofa ya share ƙwalla. Sau biyu kana ce mata ta ɗaga hannu sama, ta kuma saki fuska. Da ka gama, ka juyo gare ta ka ce da ma wannan baiwar Allah ta san muna tare da ita.

Ta ce, "Ta sani, ranka ya daɗe. Hannunta ma ya gaji."

Ka yi dariya, ka ce malaman makarantar nan akwai barkwanci, ka shiga mota. Malamin lissafi ya tafi bayan aji ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni kuwa wallahi kunya ce ta kama ni, don ni ne a gefen dama. Da na ba maiɗakina labari, cewa ta yi in daina kiran kaina malamin labarin ƙasa, tunda na kasa nuna wa mutum ɗaya inda makarantarmu take.

Na biyar, wannan ba ƙorafi ba ne, albishir ne. Kada ka ɗauka ina raina aikinka. Wasiƙun malaman ƙetare sun fara isowa, ranka ya daɗe, har ɗan aiken gidan waya ya fara tambaya ko biki ake yi. Akwai ta wani tsohon malami da aka taɓa tsarewa a ƙasarsu saboda ya ƙi cire darasi daga manhaja. Ya ce a lokacin an kai masa hoton wasu malamai riƙe da ƙyalle, da wani dogo a gefen dama, hoton ya zauna a aljihunsa har aka sake shi. Ni ne dogon. Na fara karanta wasiƙar a ɗakin malamai, malamar Turanci ta ƙarasa. Tun ranar na san ƙyallayen nan ba aikin banza ba ne, shi ya sa abin yake mini ciwo. Jan Biro tana karanta wa yaran nan goma sha ɗaya wasiƙun a barandar gidanta, inda take ci gaba da koya musu da allon da kafinta maƙwabcinta ya haɗa mata, ni kuma na ara musu taswira suna neman inda kowace ta fito. Sai dai duk yawansu, wasiƙa ba ta iya zama a kan kujera ranar Alhamis.

Saboda haka, da yake na san ba ka fita sai tafiyar ƙetare, mun zauna a ɗakin malamai mun ayyana makarantarmu a matsayin ƙasar waje daga yau har zuwa azahar ɗin Alhamis. Na auna tazarar da ƙafata, taku ɗari biyu da goma ne daga ƙofarka zuwa ɗakin da kwamitin zai zauna. Ba a buƙatar biza. Mai gadi zai buga maka hatimi a bakin ƙofa in hakan zai kwantar maka da hankali, yanayin ƙasar kuma iri ɗaya ne da na ofishinka. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a jirgi ba.

Na haɗo maka da shafi na biyu, wanda abokiyar malamar Turanci ta aiko mana, na ja layi a ƙarƙashin sunan da jan birona. Na kuma haɗo da hoton ranar Litinin. Ita ce ta gefen hagu, wadda ka ce ta saki fuska. Kujerarka tana dama da tata, mun goge ta, kuma in ƙarfe goma ya yi ba ka iso ba, za mu ɗora hoton a kai, ko kwamitin zai yarda ya saurare shi.

Allah Ya ƙara girma, Ya tsare hanya, Ya kawo ka ƙasarmu lafiya.

Naka mai biyayya har kullum, mai riƙe gefen dama,

Malam Taswira,
Malamin labarin ƙasa, bayan katangarka.