Dillalin Da Ya Yabi Gidansa

Wani ne a Jalingo, shekarar da aka yanke Taraba daga Gongola. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Yola da katifu a kan mota, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Ko ɗakin kaji gare ka, ranar ka zama mai gida. Gari duk ya koma dillalai, har da masu faci. Da abin ya yi yawa, sai dattawan sana'ar suka kafa ƙungiya, suka ce ba mai ƙara nuna wa baƙo gida sai ya ci jarrabawarsu an ba shi kati.

Shi gogan naka doya yake sayarwa. Ya ga wanda ko keke ba shi da shi bara ya hau babur. Ya jingine doya, ya ce shi kati ko mutuwa. Ya wanke ƙafa ya tafi wurin Hammanjoda, tsohon dillalin da ake cewa ya taɓa sayar da fili da ruwan damina a kwance cikinsa.

"Baffa, koya mini yadda zan ci jarrabawar nan."

Hammanjoda ya tofar da goro. "Abu uku ne. Na ɗaya, dillali da ƙafarsa yake awo. Ka san taku nawa ne a fuloti. Na biyu, a bakin dillali gida ba ya da aibu. Na uku, in ka ba da hannu ka ce ka sallama, magana ta mutu. Wanda ya janye, ƙungiya ba ta ba shi kati har abada."

"Shi ke nan, Baffa?"

"Shi ke nan. Je ka yi ta gwadawa."

To, ai an gaya wa mai gwadawa. Washegari ya fara awo daga bakin titi a unguwar Barade, yana buɗa ƙafa kamar raƙumi. Taku talatin da shida, katanga ta tare shi. Ya ce fuloti bai ƙare ba. Ya kama katanga ya haura, sai ga shi tim a tsakar gidan Mama Rebeka, tsakiyar masarar da ta shanya.

"Ɓarawo!"

"Mama, don Allah yi shiru, za ki ɓata mini ƙirga. Talatin da bakwai."

Da taɓarya aka raka shi. Ya fito ta ƙofa da gudu, yana cewa gudu ba ya shiga awo, sai ya dawo ya sake.

Ya koma gidansa na gado a Nukkai, ɗaki biyu da zaure, ya ce bari ya gwada darasi na biyu a kan matarsa Jummai.

"Jummai, ke baƙuwa ce daga Yola. Kushe gidan nan."

"Sai na zama baƙuwa? Kwanon nan yoyo yake."

"Ruwa har kan gado, Hajiya, ba sai kin je rijiya ba."

"Ƙofar bayi ta cire tun azumi."

"Iska ta ko'ina."

"Malam, tuwona zai kama. Je ka nemi mara aikin yi irinka."

Ya fito ƙofar gida. Sai ga wani bawan Allah, Simeon, akawu ne da aka taso daga Yola, kwanansa tara yana kwana a kan teburin ofis. Ga katifa a naɗe a kai, ga rediyo a hammata. Gogan ya ce ga abin gwaji Allah ya kawo.

"Oga, gida kake nema?"

"Wallahi ina neman ta. Akwai?"

"Akwai? Bismilla, shigo ka ga gida!"

Ya shiga da shi, baki ya buɗe. Ya nuna tsagar bango ya ce taga ce ta zamani. Ya nuna ramin gafiya ya ce ma'ajiya. Akuyar maƙwabta ta leƙo, ya ce mai gadi ce, ba a biyan ta. Shi kansa da ya ji irin yabon da ke fita daga bakinsa, sai da ya tsaya ya sake duban gidan, har ƙwalla ta taru masa. Ashe a aljanna yake zaune bai sani ba!

Simeon ya sauke katifa. "Wannan gida ta yi mini. Hayar shekara biyu nake so."

"Na sallama!" in ji gogan, ya cafke hannunsa ya girgiza.

Simeon ya cusa masa kafin alƙalami a aljihu, ya fita neman mota. Gogan ya leƙa madafa yana washe baki.

"Jummai, kin ga gwaji? Kamar gaske!"

La'asar na yi, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Gado, kujeru, matar Simeon, 'ya'ya biyar, da kare.

"Oga, tsaya! Wasa ne fa! Karatun jarrabawa nake!"

"Ka ba ni hannu ko ba ka ba ni ba?"

Gogan ya dubi hannunsa. Ya dubi Jummai, ta riƙe muciya. Ya tuno kati, ya tuno babur. Shi dai ya fi tsoron ƙungiya a kan muciya.

"Na bayar."

Kwana uku Jummai tana raɓe a gidan maƙwabta, shi yana zauren mai shayi. Ranar jarrabawa dattawa suka jeru a benci a gindin mangwaro, Hammanjoda a tsakiya.

"Taku nawa ne a fuloti?"

"Talatin da bakwai, Baffa, sauran sai an ɗauke taɓarya."

Dattawa suka dubi juna. Wani ya ce, "Ka taɓa ƙulla ciniki?"

Ya kwashe labari ya faɗa, bai rage komai ba. Aka aika aka kira Simeon, ya ce ƙwarai, sai dai gidan tana yoyo. Hammanjoda ya cire hula ya share gumi.

"Kay! Shekarata talatin a sana'ar nan, na sayar da na marayu, na sayar da na surukai, ban taɓa iya fitar da kaina daga gidana ba. Ku ba shi kati."

Ya zo da kati yana ɗagawa sama. Ya tarar da Jummai a bakin hanya, zaune a kan ƙullin kaya, tukwane a gefe.

"Jummai, na ci!"

"Barka. Ga aikinka na farko, dillali. Samo mana ɗaki."

Ya zaga Jalingo kaf, ko shago babu. Ya dawo yana sosa ƙeya.

"Sai dai mu tafi Lau, gidan babana," in ji Jummai. "Ɗauki tukwane."

Gogan ya ji daɗi, ya aza tukwane a ka.

"Ai gidan Baba gida ne! Ga fili, ga inuwa, ga iskar kogi, ga ɗakuna har..."

Jummai ta yi wuf ta toshe masa baki.

"Rufa mana asiri, Malam, shi kaɗai ya rage mana!"