Tsakuwa a Geron Kanarin Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka gane na cuɗa wa kanarin surukina tsakuwa a abinci, da hannuna, kuma da zuciya ɗaya.

Lokacin ban daɗe da auren Hajara ba, muna zaune a Gashuwa kusa da gidansu. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Baba, tsohon manomin shinkafa ne da ciwon gwiwa ya raba shi da fadama. Tun rasuwar matarsa ba shi da abokin hira kamar wani kanari da ke rataye cikin keji a zaurensa. In tsuntsun ya soma rera kuka da safe, sai ka ga fuskar tsohon ta saki.

Rannan tafiya ta kama shi zuwa Nguru gaisuwar rasuwa. Ya aika aka kira ni, ya miƙo mini kejin da kwanon gero, ya ce, "Ga amana nan. Ruwa kullum. Geron kuwa, ka kula da tsakuwa."

Na ce, "To, Baba," kaina a sunkuye. (Wanda ya san kunyar suruki ya san ba a ce masa "me kake nufi?" Ko wata ya ce ka ɗauko, "to" za ka ce, ka fita ka yi ta kallon sama.)

Ni kuwa da kiwon tattabaru na tashi. Na san tattabara da kaza ɗungum suke haɗiye ƙwaya, tsakuwar da ke cikin ƙundu ce ke niƙa musu. Na ce ashe abin da Baba ke nufi ke nan. Na gangara bakin kogi na ɗebo yashi mai tsakuwa-tsakuwa, na cuɗa shi da geron gaba ɗaya. Hajara ta leƙo ta ce, "Anya kuwa?" Na ce ta bar wa masu sani.

Kanari ya yi gum. Safiyar farko ta zo ta wuce, ta biyu ta biyo, ba ya ko ƙwaƙƙwaran motsi. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in tsuntsun nan ya mutu, zauren Baba ya mutu. Maganin da hankalina ya ba ni kuwa shi ne in ƙara tsakuwa.

Da Baba ya dawo, abokansa suka cika tabarma suna yi masa sannu da hanya. Na kawo keji da kwano na durƙusa, don in wanke kaina na ce, "Baba, tsakuwar nan ban bari ta yanke masa ba."

Ya sa hannu a kwanon ya murza, sannan ya dube ni ya ce:

"Ɗana, ai tsincewa na ce ka yi. Dubi ƙasan kejin, ka ga ɓawo? Shi da baki yake ɓare ƙwaya kafin ya haɗiye, to me tsakuwa za ta niƙa masa? In ta yi yawa ma ciki take toshe masa. Dakakken ɓawon ƙwai kawai nake ba shi jefi-jefi."

Wani tsoho ya ce, "Mu muna fama mu raba shinkafarmu da tsakuwa, kai surukinka har kogi yake zuwa ɗebo ta." Aka fashe da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba dai bai yi dariya ba, tsuntsun yake kallo, kuma wannan ya fi dariyar yi mini ciwo.

Hajara ta rege geron ba tare da ta ce mini "ai na faɗa" ba. Bayan 'yan kwanaki, da safe, muka jiyo kukan kanari ta kan katanga. Baba ya aika aka kira ni, ya ce, "Ka ji shi? Kewata ce ta hana shi kuka, ba tsakuwarka ba."

Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ko asirina ya rufa ba. Abin da na sani dai, na guji kunyar tambaya ɗaya, sai ga shi har 'ya'yana sun tashi sun tarar ana kirana Mai Tsakuwa.