Kalmomin Tabawa Goma Sha Biyu

A wani daji da ke bayan kogi, dabbobi sun gaji da ba Kura ajiya. Shekara da shekaru ita ce ma'aji, kuma kowace kaka sai ta zo gaban majalisa da hawaye shaɓe-shaɓe ta ce ɓera ya shiga taska. Ɓeran da ke cinye rago har ƙashi, Allah dai Ya kyauta.

Ana cikin haka Biri Ɗantani ya dawo daga yawon duniya da sabuwar dabara. Ya hau kututture ya ce, "Jama'a, daga yau babu ma'aji, babu alƙali, babu mai ce muku je ku dawo gobe. Ga tururuwa nan dubu bisa dubu, sun jeru, sunansu Sarƙa. Abin da ta farko ta sani, ta ƙarshe ta san shi. Kuɗinku ba za ku ƙara riƙe su a hannu ba, Sarƙa za ta riƙe su a ka. Kowa za a ba shi kalmomi goma sha biyu na asiri. In za ka aika wa wani kuɗi, sunkuya a ƙofar tururuwa ka raɗa kalmominka, shi ke nan. Har suna za ka iya mallaka. Duk abin da aka aika da sunan, wurinka zai zo, duk saƙon da ya fita da sunan kuma, Sarƙa ta shaida naka ne. Abin da ta riƙe kuwa, ko Zaki bai isa ya goge ba!"

Aka yi tafi har ƙura ta tashi. Babu wanda ya tambayi abin da zai faru in kalmomin suka shiga kunnen da bai dace ba.

A kasuwar dajin akwai wata bushiya mai maganin yara, Tabawa. Sunan kakarta ta ci, kuma kakar ce ta kafa rumfar da ake kira Gidan Tabawa. In haƙori ya dame ɗan barewa, ko tari ya sarƙe ɗan gada, can ake zuwa. Ba a taɓa kama gidan da algus ba, tun daga kaka har jika. Kuɗin Tabawa ba su taka kara sun karya ba. Sunan nan shi ne dukiyarta, shi ta fara mallaka a Sarƙa tun kafin ta sayi sabon turmi.

Ga ta da taka-tsantsan kamar me. Kalmominta ko a mafarki ba ta faɗa. Da aka yi wa Zomo romon baka cewa za a ninka masa kuɗi, ya je ya faɗi nasa aka yi masa ƙarƙaf, Tabawa ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ashe banza takan kai zomo kasuwa! Ni ban son na kowa, kowa kuma ba zai ci nawa ba." Har ya zama in an ga sabon abu a dajin sai a ce, bari mu ga ko Tabawa ta taɓa.

Wata ranar kasuwa da hantsi, tana cikin auna sassaƙe, sai ga wani farin tsuntsu ya sauka a bakin rumfa. Balbelu su ne masu shelar Sarƙa, wannan kuwa fari ne tas, ga ladabi. Ya gaishe ta har ƙasa, sannan ya rage murya.

"Inna, ba alheri ya kawo ni ba. Tun jiya wasu ke gwada kalmomi a kan Gidan Tabawa. Sun dace da tara, saura uku. In azahar ta yi ba ki sabunta ba, sunan ya tafi."

Tabawa ta dakatar da awo. Ta tashi ƙayoyinta ta ce, "Kai, tafi can! Kalmomina kake so? Hawainiyarka ta kiyayi ramata."

Tsuntsun ya ja da baya ya toshe kunnuwa da fukafukai. "Subhanallahi! Inna, kada ki faɗa mini. Ko kin fara zan tashi. Mu ba ma tambaya, duk wanda ya tambaye ki ɓarawo ne. Da ƙafarki za ki je, da bakinki za ki raɗa wa tururuwa. Tsohuwar ƙofa dai ɓarayin na laɓe kusa da ita, shi ya sa aka buɗe sabuwa a gindin kanya. Rigakafi ya fi magani."

Wannan magana ita ta kwance wa Tabawa ƙaya. Ɓarawon da ke hana ka faɗa masa asiri, ina aka taɓa ganinsa? Ta bar rumfa a buɗe, ta yi ta sauri da gajerun ƙafafunta. Ta tarar da ƙofar a gindin kanya, ƙasa a tattare tsaf, har da 'yan tururuwa na kai da kawo a baki. Ta duba gabas, ta duba yamma, babu kowa. Ta sunkuya ta raɗa goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada a yi kuskure. Ta dawo tana yi wa tsuntsun addu'a.

Ramin nan kuwa wani ne a kwance a cikinsa ya kasa kunne. Tururuwan bakin ƙofa zuma aka ɗiga musu. Ko wane ne a ciki, har yau ba a sani ba.

Da la'asar ta je tsohuwar ƙofa za ta biya mai kawo mata saiwa. Ta raɗa kalmominta. Wata tururuwa ta leƙo ta ce, "Babu komai a kansu. Mai su ya kwashe kuɗin da azahar, ya mai da sunan Gidan Tabawa kan wasu kalmomi."

"Ni ce mai su! Dube ni, ni ce Tabawa!"

"Mu ba mu san fuska ba," in ji tururuwa, ta koma cikin layi.

Tabawa ta zauna a nan daɓas. Magana zarar bunu ce. Kunya ta hana ta gaya wa kowa, ta ce bari ta kwana biyu ta ga ko abin zai warware. Wannan kwana biyun ta yi kuka da su fiye da kuɗin.

Domin kashegari saƙo ya zaga daji da shaidar Sarƙa, daga Gidan Tabawa: "'Yan'uwa, ɓarayi sun yi yawa. Kowa ya je gindin kanya ya sabunta kalmominsa. Ni ma na je." To, wa zai yi gardama? Tabawa ce fa ta taɓa. Dabbobi suka yi layi har bakin rafi. Cikinsu har da aminiyarta, Gafiya Jummala, wadda ta yi shekara uku tana tara abin da za ta gina wa 'ya'yanta rami a tudu, don ruwa na cin nasu duk damina.

Da aka kwashe mata komai, Jummala ta zo rumfa ba sallama. Ba ta yi zagi ba, da ma ta yi. Ta ce, "Yaya Tabawa, da wani ne ya aiko, wallahi ko leƙawa ba zan yi ba. Sunanki na gani." Ta juya ta tafi. Tabawa ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Aka kira majalisa a gindin kuka. Tabawa ta tsaya gaban jama'a ta faɗi komai, ba ta rage ba, ta ce, "Kuɗin na yafe. Sunan kakata nake roƙo a dawo mini da shi, ko a rufe shi, don da shi ake yanka mutane."

Ɗantani ya miƙe. "Ina taya Inna jaje. Amma a yi adalci, Sarƙa ba ta yi kuskure ba. An kawo mata kalmomi daidai, ta yi aiki daidai. In muka goge yau saboda hawaye, gobe Kura ma za ta zo da nata, kuma kun san ta iya. Kowa ma'ajin kansa ne, haka muka yi tafi a kai. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Mujiya, masaniyar majalisa, ta gyara zama. "Albishirinku, babu abin da ya ɓata. Na bi sawun kuɗin. Sun bar Tabawa da azahar, sun shiga wasu kalmomi, sun rabu gida bakwai, sun sake haɗuwa. Ga su can a zaune, kowa na iya zuwa ya gani. Wannan shi ne kyan tsarin."

Jummala ta ce daga baya, "Na wane ne kalmomin?"

"A'a, wannan kuma asiri ne. Shi ma kyan tsarin ne."

Shugaban balbelu ya ce su dai ba su aiki kowa ba, kuma ba su da alhakin duk tsuntsun da ya yi birgima a toka don ya yi kama da su. Kura ta nemi izini ta ce ita ba za ta ce komai ba, illa dai a zamaninta akan san wanda za a zaga.

Aka yi ta yi har rana ta karkata. Daga ƙarshe Kunkuru, shugaban majalisa, ya fito da kai ya yanke hukunci. "Ba mu da ikon dawo da suna, ba mu da ikon rufe shi. Abin da ya rage shi ne a daina yarda da shi. In balbela ta yi shela, yanzu ba mai saurara. In mu muka yi, a ce da bakinmu a ciki. Mutum ɗaya dajin nan ke gaskatawa in ya gan ta ido da ido." Ya dubi Tabawa, kowa ya dube ta.

Ta gane. Ta tuna kakarta a bakin turmi tana cewa, kome za ki rasa ki rasa, ban da sunan gidan nan. Sannan ta dubi Jummala da 'ya'yanta huɗu a rakuɓe.

Ranar kasuwa ta gaba Tabawa ta ɗauki gwangwani da ɗan kara. Ta bi rumfa rumfa tana bugawa tana shela. "Jama'a, ku ji! Kada kowa ya ƙara yarda da Gidan Tabawa! Gidan Tabawa gidan ɓarayi ne! Duk abin da ya zo da sunan nan, ƙarya ne!" Ta faɗa a layin masu hatsi, ta faɗa a mahauta, ta faɗa a ƙofar rumfar da aka haife ta. Aka kuwa gaskata ta, kamar kullum.

Shelar ta yi aiki fiye da yadda aka so. Na kusa sun san labarin, na nesa kalma huɗu kawai suka ji: Gidan Tabawa gidan ɓarayi. Uwaye suka riƙa jan 'ya'yansu in sun zo wucewa ta gaban rumfar. Sassaƙe ya bushe a faifai, turmi ya yi yana. Kafin damina Tabawa ta koma bakin hanya tana kasa magani a tsumma, in baƙo ya tambayi sunanta sai ta ce, "Mai magani." Ruwa kuma ya ci ramin Jummala a karo na huɗu.

A taron ƙarshen shekara Ɗantani ya sake hawa kututture, ya ba da labari mai daɗi. Ya ce an bincika Sarƙa tun daga tururuwar farko har ta ƙarshe, ba a sami sata ko ɗaya ba, duk abin da ya bar hannun mai shi da bakinsa ya sallama. Aka yi tafi.

Tun daga lokacin ba a ƙara jin ɓarawo a dajin ba, masu kyauta ne dai suka yi yawa.