Kanwar da Na Ba Barkono

Ɗana Sule ya yafa irin barkonon lambunsa a robobi, ya jera su a bakin tagar ɗaki saboda kaji. Da suka tsiro na dubi ganyen, na ce yunwa ce ke damun su.

"Inna, ruwan rijiyarmu zartsi ne, kada ki ƙara musu komai," in ji shi.

Ni da na ƙosar da awaki da kanwa, yaro ne zai koya mini? Yana tafiya kasuwar Ɗanbatta na jiƙa kanwa, na shayar da su har da bismillah. Kafin Juma'a sun kwanta kamar an dafa. Shekarar nan lambu bai ga barkono ba.

Har yau, komai ya yi yaushi a gidan nan, ko da ni ce, sai jikoki su ce, "Kaka, a jiƙo kanwa?" Na gaji da harara.