Zabuwar Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da yunwa ta tona mini asiri a Wurogauri, garin surukaina.

Shekarar da aka gano ina da ciwon hanta ce, irin wanda ƙwayar cuta ke kawowa. Likita ya ce in zo gwajin jini da safe ban ci komai ba, za a duba kumburin hantar da sinadarin zinki. Tun asuba na baro Gwandu a babur, cikina fayau. Sai bayan azahar sakamako ya fito: kumburi ya ragu, zinki ne ya yi ƙasa, in dage da nama da kifi da wake. Wallahi ban taɓa jin likita ya yi magana mai daɗin wannan ba.

A hanyar dawowa na biya in kwantar wa surukai da hankali, don tun da suka ji labarin ciwon suke zullumi. Baffa, mahaifin matata, ya tafi gona. Inna ta sa aka kawo mini tuwo da soyayyar zabuwa. To, a wajenmu suruki ba ya cin abinci a gidan surukai, ko da yana ganin mutum biyu-biyu. Maimakon in ce na ƙoshi kamar kowa, sai bakina ya ce, "Inna, ciwon ne ya hana ni cin abinci." (Har yau ban san wa ya aike ni ba.)

Nan take idonta ya cika da hawaye. Ta ƙulle zabuwar a kwano, ta ce in kai wa Hauwa, matata.

Ban yi nisa ba na faka a gindin wata tsamiya. Niyyata fiffike ɗaya. Fiffike ya kira ɗan'uwansa, ƙirji ya bi baya. Ina tsugune, cinya a baki, mai har gwiwar hannu, sai na ji sallama. Baffa ne da fartanya a kafaɗa, yana kallon kwanon gidansa, ashe a bakin gonarsa na faka.

Na so ƙasa ta tsage. Sallamar ma na kasa amsawa, bakin ba wuri.

"Malam, yanzu Innarku tak kira ni tana kuka, wai wanga ciwo ya hana ka cin komi," in ji shi. Ya leƙa kwanon, ya ga ƙasusuwa. "Alhamdulillahi. Ƙarasa abinka, bari in je in share mata hawaye."

Washegari aka aiko da zabi biyu, da saƙon cewa ɗaya ta Hauwa ce, a taimaka ta isa hannunta.

Hanta ta lafa, mun gode Allah. Ni dai na koyi cewa in za ka yi kunyar surukai, ka yi ta da ƙoshi. In kuwa ta gagara, ka bari sai ka wuce gonarsu.